Kafaɗar Malam Ma'aruf

Daura,
9 ga Maris, 2009.

Zuwa ga Kalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da yara, ina gai da Hajiya Khairunnisa da ta sha wahalar dama mini kunu.

Shekara tara ke nan da na miƙa maka hannu a ƙofar masallacin Juma'a ka bar shi a iska. Na zauna gidanka a Kano duk tsawon jinyar nan ban ta da zancen ba, saboda abincinka nake ci. Yanzu na dawo ɗakina, zan faɗa.

Ko ka manta, bari in tuna maka. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, a taron iyayen yara, na tashi na ce ina murna da ita, amma a fara da waɗanda suka bar rufin ajujuwa ya yaye, yara suna karatu a rana. Kafin Juma'a magana ta zaga gari cewa hedimasta ɗan boko ya zagi Shari'a. Da aka sallame na fito na miƙa wa mutane hannu kamar kullum. Musaddiq, wanda ni na koya masa riƙon fensir, ya cusa nasa cikin riga. Na juyo gare ka, kai ɗan gwaggona, na tarar kana kallon wani wuri. Tun ranar ban sake fara miƙa wa kowa hannu ba. Na ajiye aiki, na rufe zaure, na koma yin Juma'a a bayan gari. Karatun da na yi a Zariya da shekarun da na ƙarar a gaban allo, abin da suka saya mini ke nan.

To, na faɗa. Yanzu ga labarin kafaɗa, tunda ka ce in riƙa sanar da kai, ni kuma ba na riƙe waya.

Hoton ƙashin da likita ya ba ni, kullum sai na ɗaga shi a bakin taga. Ga haƙarƙarina a jere kamar azara. Ga kuma wani abu fari fat, mai kai kamar na ludayi da doguwar ƙota, zaune daram a inda na Allah ya zauna tun ina ciki har ranar da ɗan acaɓa ya kayar da ni a hanyar Mai'adua. Na koya wa yara sunayen ƙasusuwa daga littafi, amma ban taɓa yarda da gaske cewa suna cikina ba sai yanzu. Mutum ya buɗe mutum, ya cire abin da ya farfashe, ya sa ƙarfe, ya rufe, naman kuma ya karɓa bai yi gardama ba. Ina kallo ina mamaki, ka kuwa san ba kasafai abu ke ba ni mamaki ba.

Ciwon iri biyu ne. Akwai zogi mai nauyi da ba ya tashi, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Akwai kuma suka, wadda take zuwa in na manta na motsa, ta bi hannu har yatsu. Ƙwayoyin ina shan su safe da yamma kafin ciwon ya farka, yadda likita ya ce, ba bayan ya farka ba. Maiɗakina Laraba tana samo ƙanƙara wurin maƙwabta in an kawo wuta, ta naɗe a tawul ta ɗora mini. Barci a jingine nake yi, matashi a bayan gwiwar hannu.

Ka ji dai gargaɗin likitan da kunnenka. Guntayen ƙashin da jijiyoyi suke riƙe da su ɗinke su ya yi a jikin ƙarfen, sai sun kama. Hannu ya zauna cikin maratayi mako shida, yatsu kaɗai za su yi aiki, shi ya sa takardar nan a cinyata take. Ya ce a rage 'yan dubiya. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ba wanda zai zo.

Na gode da ɗawainiya. Wannan daban, wancan daban.

Wassalam,
Ma'aruf.


Kano,
14 ga Maris, 2009.

Ranka ya daɗe, ɗan kawu,

Wa alaikumus salam. Direba ya kawo takardarka, na karanta tsaye a bakin shago, na ce alhamdu lillahi, Hedimasta ya samu sauƙi tunda ya fara faɗa. Da na ga wasiƙa mai daɗi da na kira likita.

Hajiya tana gaishe ka. Ta ce kunun da ka ce ya yi ruwa, shi ne dai ka shanye har da kankare kwano.

Ka ce ƙarfe ya ba ka mamaki. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne da suka buɗe ka suka samu nama da jini kamar na kowa. Na ɗauka alli za su tarar.

Ka riƙa shan maganin nan da abinci a ciki. Kada ka ce yau da sauƙi ka tsallake, na san halinka, kai ne mai gyara wa likita rubutu. Ƙanƙarar kada ta taɓa fata kai tsaye. In zafin gari ya sa maratayin yana cin wuyanka, Laraba ta sa maka tsumma mai laushi a ƙarƙashi, amma kada a cire.

Zancen ƙofar masallaci ba na takarda ba ne. Ka bar shi sai na zo Daura da ƙafata.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Kalilu.


Daura,
23 ga Maris, 2009.

Kalilu,

Bayan sallama da gaisuwa. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan fara daga farko.

Ɗan acaɓan da ya kayar da ni ya ba da labari a kasuwar Mai'adua, wai ya kusa kashe wani tsohon hedimasta, an kai shi Kano an sa masa kafaɗar ƙarfe. Ka san kasuwa. Ranar Talata aka yi sallama a ƙofa, Laraba ta leƙa ta ce wani ƙato ne da rago. Na sa aka buɗe zaure, aka share ƙurar shekaru, aka shimfiɗa tabarma.

Ya shigo sai da ya sunkuya. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba."

Na ce, "Na gane ka. Maliki ne na garin Babban Mutum, mai rubuta bakwai a juye."

Ya yi dariya har zauren ya amsa. Ya ce, "Har yau haka nake rubuta ta, Malam. Dillancin shanu nake yi, kuma shanun ba su taɓa ƙorafi ba."

Sai ya miƙo hannu biyu. Na dubi hannuwan nan. Na ji Laraba ta yi gyaran murya a bayan ƙyaure. Na zare nawa daga maratayi na ba shi.

Kalilu, tun ranar zauren bai huta ba. Daga Baure, daga Zango, daga Sandamu, daga ƙauyukan da na yi aiki ina saurayi na ɗauka ko sunana ba a riƙe ba. Wani ya tsallako daga Nijar da dabino a ƙulle, ya ce shekara ɗaya kawai ya yi a ajina kafin ubansa ya mayar da shi kiwo, amma da ita yake karanta sunan magani. Harisu, wani tsohon ɗalibina, ya kwaso 'yan ajinsu a mota guda, duk furfura, wasu da sanda. Da na fito daga cikin gida suka miƙe tsaye gaba ɗaya, ba wanda ya ce su miƙe. Na tsaya a bakin ƙofa, na kasa ce musu su zauna.

Ina suka kasance duk shekarun nan? Na tambayi Harisu haka, ban ɓoye ba. Ya ce, "Malam, ƙofarka a rufe take, kuma har yanzu tsoronka muke ji. Ciwo ne ya ba mu dalili."

Na daɗe ina cewa aikina ya bi ruwa. Yanzu ina zaune ina kallonsa yana shigowa da ƙafafunsa, yana cire takalmi a bakin zaure. Wannan ya fi ƙarfen ba ni tsoro. Mutum ya yi abu yana ɗan shekara ashirin da wani abu, da yunwa a cikinsa, yana duban agogo, ashe Allah yana ajiye shi a wani wuri yana girma.

Matan rahama ne, daga bakin ƙofa suke gaisuwa. Yelwa, wadda yanzu ita ke karɓar haihuwa a ƙauyensu, ta ce, "Malam, mayar da hannun nan ciki, ko in shigo in ɗaure shi da kaina." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma mazan ka san gaisuwarmu. Ba sau ɗaya ba ce. Ya jiki, a girgiza, a kai ƙirji, a dawo. Ya iyali, a girgiza. Ya zafi, a girgiza. Ashe abin da ya faru ke nan, a girgiza da ƙarfi don a nuna an ji tausayi. Kowace tambaya sai na ji ta a cikin ƙarfen.

Musaddiq ya zo ranar Asabar. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Bai ce komai kan abin da ya wuce ba, ni ma ban ce ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Malam," ya sake cewa, ya sake cewa, bai saki ba har sai da na bayansa ya taɓa shi.

Ciwon ya ƙaru, ba zan ɓoye maka ba. Kafin la'asar kafaɗar kan zama kamar an cusa garwashi. Na dawo da shan ƙwayar safe zuwa dab da buɗe zaure, don ta riƙe ni. Ƙanƙara yanzu ba ma nema, wani ɗalibina mai sayar da lemo ya sa ana kawowa a cikin kula. Da ita da ƙwayar da ganin fuskokin nan, ina iyawa.

Ka gai da gida.

Ma'aruf.


Kano,
27 ga Maris, 2009.

Ɗan kawu,

Salamu alaikum. Yau ba wasa a bakina sosai.

Na je na sami likitanka na karanta masa inda ka yi zancen gaisuwa. Ya cire tabarau ya dafe kai. Ya ce ƙwayar an ba ka ne don ka samu barci ka huta, ba don ka toshe bakin ciwon ka yi abin da ya hana ba. Ya ce ciwon nan shi ne mai gadin ɗinkin, in ya yi ihu to ana taɓa abin da bai kamata ba. In guntayen ƙashin suka zame daga jikin ƙarfen, jijiyar da ke ɗaga hannu ba ta da abin kamawa, kuma ba kowane lokaci ake iya komawa a gyara ba.

Don Allah ka dafa ƙirji kawai ka ce sun gode. Ko ka ba da hagu ka ba da haƙuri, lalura ce, ba malamin da zai ce ka yi laifi. Ko ka manna takarda a ƙofa. In duk ba za ka iya ba, ka dawo Kano in ɓoye ka a ɗakin baya, in ce wa kowa ka tafi Umara.

Na ji daɗin mutanen da suka zo, wallahi na ji. Amma shekara tara kana jiran hannu, ka ƙara mako uku mana. Ba inda za su.

Hajiya ta ce in gaya wa Laraba ta ɓoye mabuɗin zaure.

Kalilu.


Daura,
20 ga Afrilu, 2009.

Kalilu,

Assalamu alaikum. Na yi jinkirin amsa, za ka ji dalili.

Shawarwarinka na gwada su, kada ka ce ban gwada ba. Na rubuta takarda da manyan baƙaƙe aka manna a ƙofa. Rabin masu zuwa ba su iya karanta ta ba. Rabin da suka iya kuwa ni na koya musu, suka ce wannan ta baƙi ce, ba ta shafe su ba. Zancen hagu kada ka sake yi mini shi. Mutum ya taso tun daga bakin iyaka a kan babur cikin wannan rana, in ba shi hannun da nake tsarki da shi?

Dafa ƙirji na yi shi kwana biyu, yana tafiya. A rana ta uku aka shigo da wani tsoho, Zailani, uban wani yaro da na taɓa hanawa a cire daga makaranta. Idonsa ya tafi. Aka zaunar da shi a gabana, ya miƙo hannu wajen da ya ji muryata. Na dafa ƙirji na ce na gode. Bai gani ba. Hannun ya tsaya a iska yana ɗan lalube, mutane suna kallo.

Na san hannun nan, Kalilu. Na san yadda iska take a tafinsa. Na zare nawa na ba shi, kuma daga nan ban sake mayarwa ba sai in zaure ya watse.

Abin da ya hana ni rubutu ya faru ne da Maliki ya dawo duba ni. Aka kira azahar, na yunƙura zan tashi daga tabarma. Ya ce, "Malam, kawo hannu," ya kama ya ɗaga ni cak yadda yake ɗaga ɗan maraƙi. Don alheri ya yi, kada ka riƙe shi da komai, bai ma san abin da ya faru ba. Na ji wani abu ya ce ɗas a ciki, kamar zare ya tsinke a bakin tela. Na yi sallar a zaune, gumi yana ɗiga a tabarma.

Kwanakin da suka biyo ban taɓa sanin jiki yana da irin wannan murya ba. Ƙwaya ba ta ji, ƙanƙara ba ta ji. Laraba ta yi kuka ta ce mu tafi asibiti, na ce a bari mu gani. Ina jingine ina sauraron abin, har na fara jin wani irin kwarjini gare shi. Ɗan wuri kamar tafin hannu, amma ya cika duniya, ya kori Daura, ya kori shekara tara, ya kore ka. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci wannan ya kuma ɓoye mana shi yawancin kwanakinmu.

Sai kuma ya fara janyewa da kansa, kamar ruwan rafi bayan damina. Yau da nake rubutun nan dutsen niƙan ya sauka. Na daina shan ƙwaya mai ƙarfin. Na yi barci a kwance. Ka gaya wa likitanka mai gadinsa ya yi shiru, kuma ga alama lafiya ce.

Hannun dai yana da nauyi tukuna, na zaman maratayi ne. In zan gaisa ina tallafo gwiwarsa da hagu in miƙa, mutane suna cewa dubi tawali'un Malam, yana gaishe da ɗalibansa hannu biyu. Na bar su a haka.

Na yanke shawarar komawa Juma'a a masallacin cikin gari. Ka ce za ka zo da ƙafarka. Ka san ƙofar.

Ma'aruf.


Kano,
10 ga Mayu, 2009.

Zuwa ga Malam Ma'aruf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya tare da iyali.

Na rufe shago ranar Juma'a na taho Daura, ban biya gidan kowa ba. Na tsaya a kan matakalar ƙofar nan da ka ambata, da gangan, don a gyara abin a inda ya ɓaci, a gaban irin mutanen da suka gani. Na ga an kewaye ka ana gaisuwa. Na jira ka iso gabana. Na miƙa maka hannu, na riƙe shi a miƙe har na ji kunya.

Ka ba Musaddiq. Ka ba dillalin shanu har ya ɗaga ka da shi. Ni ka dube ni ido cikin ido ka bar nawa.

Na zo da magana a bakina, na koma da ita. Ka rama, na karɓa. Ban ce ba ka da hakki ba, sai dai ban zaci haka daga ɗan kawuna ba.

Likita ya ce lokacin komawarka ya wuce, a kai ka a sake ɗaukar hoto. Ɗakin yana nan in kuna buƙata, Hajiya za ta kula da ku.

Wassalam,
Kalilu.


Daura,
21 ga Mayu, 2009.

Kalilu ɗan gwaggo,

Assalamu alaikum.

Ranar nan takalmana da darduma suna hannun hagu. Waɗanda ka ga suna gaishe ni su suke sunkuyowa su ɗauki hannun daga gefena. Kai kana kan matakala, naka yana sama. Na ce wa nawa ya tashi. Ya lanƙwashe a gwiwa, ya tsaya a bakin cikina. Na dube ka ne don ban gane abin da ke faruwa ba. Kafin in zubar da takalman in tallafo shi ka juya. Na kira ka, hayaniya ta cinye.

Laraba ta kai ni Katsina an ɗauki hoto. Ƙarfen yana nan daram, fari fat, ko gezau bai yi ba. Guntayen ƙashin ne suka zame, jijiyar ta ja baya. Likitan can ya kira na Kano a waya, bakinsu ya zo ɗaya, a shekaruna ba za su sake buɗewa ba.

Ciwo babu. Ina rubutu, ina cin tuwo in na sunkuya. Ka dawo da maganar da ka koma da ita, zaure a buɗe yake. Sai dai in ka zo kai za ka sunkuyo ka ɗauka.

Hannuna na dama ba zai ƙara ɗaguwa ba.

Naka,
Ma'aruf.